Gwiwar Tikam Ram

Yayana Tikam Ram ya tallata kusan kowane kogi da kowane tsauni na jiharmu, amma makiyayar Sirni da ke saman ƙauyenmu bai taɓa rubuta sunanta ba. Shekara talatin da ɗoriya yana rubutu, da farko a jarida, daga baya a ofishin yawon buɗe ido, kuma duk wanda ya bi rubutunsa zai ɗauka babu komai a bayan ƙauyen namu, Tilri, sai sararin sama. Da gangan ya yi haka. Mutanen Tilri sun daɗe suna jin haushinsa a kan wannan, ni ma ƙaninsa ina cikinsu.

Sunana Dola Ram, ni aka bari da gonar tuffa da tsofaffi. A gidanmu ɗaya aka tura makaranta Kullu, ɗaya aka miƙa wa almakashin aske reshe. Ni almakashi na samu, kuma ban ce an cuce ni ba, don kaina ba ya ɗaukar karatu. Shi kuwa Tikam tun yana yaro ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Duk bazara innarmu takan hau Sirni da tumaki, ta zauna a ɗakin dutse har sanyi ya koro ta, shi kuma da an ba da hutu sai ya bi ta. A can ya koyi sunan kowace ciyawa da yadda ake gane hadari tun bai haɗu ba. Wuri ne shimfiɗaɗɗe tsakanin itatuwan diyar, da idon ruwa a gindin wani baƙin dutse. Tafiyar yini ce daga ƙauye, kuma ba wanda ke zuwa sai makiyaya da mu masu raka Deota, abin bautar ƙauyenmu, sau ɗaya a shekara.

Aikin jarida tuntuɓe ya yi da shi. Yana gyaran kurakuran ɗab'i a wata jaridar mako-mako a Mandi, sai wani mai talla ya fasa, aka bar rabin shafi babu komai. Edita ya ce masa ya cike gurbin da ko mene ne. Ya zauna ya rubuta yadda ya kwana biyu yana fatsa a kogin Palni bai kama ko kifi ɗaya ba. Mutane suka yi ta tambayar wane ne wannan, sai aka bar masa rabin shafin. Ya sa masa suna Inda Mota Ba Ta Zuwa.

Gaskiya ya iya. Ni da ba na son karatu ma nakan sa a karanta mini a shagon shayi. Ba ya cika baki da yabon duwatsu. Zai gaya maka gadar da itace ɗaya ce kawai, da makiyayin da karensa ke cizo, da ƙauyen da za a ba ka siddu, burodinmu na turarawa, mai zafi da man shanu ba a tambayi sunanka ba. Yakan ɗauki bargo da garin sha'ir da sandar fatsa ya ɓace mako biyu, matarsa Lila Devi tana zaune a ɗakin haya tana jira. A wata irin wannan tafiya ya zame a kan ƙanƙara ya murɗe gwiwar hagu, makiyaya suka sauko da shi a bargo. Gwiwar ba ta sake komawa daidai ba, shi kuma bai daina hawa ba.

Daga nan ofishin yawon buɗe ido ya kira shi Shimla, babban birnin jiha. Suka ce tun da ya san jihar da ƙafa, ya zo ya tallata ta da tebur. Aka ba shi jif da direba da kwalin huluna masu koren gaba na rabon baƙi. Ban san kawuna nawa ya ɗora wa hular nan ba, na 'yan kasuwar Delhi da 'yan jaridar Bombay da matansu. Yakan kai su wuraren da ya gano da kansa, ya tsaya yana murmushi suna ɗaukar hoto. Har ya taɓa lallashin wani ƙauye suka fito da Deotansu ba ranar fitarsa ba, don baƙi su gani. Da labarin ya iso mini na je har Shimla na same shi.

"Yaya, abin ya kai haka? Deota ma ya zama ɗan aikin ofishinku?"

"Zauna ka sha shayi, Dola."

"Ba na sha. Kai da gidanmu ke ɗaukar karagar Deota tun kakanni."

"Shi ya sa na sani," in ji shi. "Kafaɗa ce ke motsa ta, ƙanina. Kafaɗa da gajiya da ƙarar ganga."

Na fita ban sha shayin ba, muka yi shekara biyu ba ma magana sai gaisuwa.

Abin da ya karya shi ba ni ba ne, Palni ce. Ya koma can bayan shekaru da wasu baƙi, ya tarar otal-otal sun jeru a bakin kogi har ba a ganin ruwa daga hanya. Inda ya kwana yana fatsa ya zama wurin ajiye motoci. Robobi da leda sun toshe tsakanin duwatsu, kiɗa na tashi ta ko'ina, kifi kuwa sai na tafkin kiwo da ake soya wa baƙi. Yana tsaye sai ga ɗan wani makiyayi da ya sani, yanzu mai rumfar taliya, ya kama hannunsa biyu yana godiya har da hawaye, wai albarkacin rubutunsa 'ya'yansa na makaranta. Tikam ya gaya mini daga baya cewa da zaginsa mutumin ya yi da ya fi masa sauƙi. Bai bar aikin ba. Ya ci gaba da rubuta ƙasidun talla da zuwa baje koli, sai dai rubutun ya zama irin na kowa. Yana wani baje koli a Kolkata Lila ta rasu, ba su kuma sami haihuwa ba.

Da ya yi ritaya ya dawo Tilri da akwatin tsofaffin jaridu da takalman hawan dutse da gwiwa mai kumburi. Ya tarar da mu a gajiye mu ma. Dusar ƙanƙara ta rage sauka, tuffa kuwa in ba ta sha sanyi ba ba ta yin 'ya'yan kirki. Samari sun watse. Ɗana Nishu yana wanke kwanuka a wani otal a Palni ɗin nan, uwarsa Bimla ba ta ganinsa sai lokacin biki. Ƙauyukan da Tikam ya rubuta duk sun sami kwalta da rufin kwano, mu da muka haife shi muna nan da hanyar alfadari.

A shagon shayi ba sa raga masa.

"Mai Jarida, an ce har ƙauyen kuturun akuya ka rubuta. Mu me muka yi maka?"

"Ku ba ku da abin gani," yakan ce. "Sai dai in rubuta gashin bakin Beli."

"Rubuta mana, ko shi ne a zo a gani. Sai in riƙa karɓar rupi goma a kan kowane gefe," in ji Beli mai shagon.

A yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Kowa ya san Sirni ake nufi.

Sai labari ya zo cewa za a yi sabuwar hanyar mota guda ɗaya a yankinmu a wannan shekara, kuma za a ba wa ƙauyen da ke da wurin da zai ja baƙi. Ƙauyen tsallaken rafi na nema da wani ɗan magangarin ruwansu. Mu muna da Sirni, muna kuma da mutumin da har yanzu in ya rubuta abu ana karantawa a Shimla. Dattawa suka zo gidanmu, Hukam Cand wakilin Deota na gaba. Tikam ya saurare su har ƙarshe ya ce a'a.

"Na ga abin da ke biyo bayan alƙalamina," ya ce. "Ku je Palni ku gani."

"Mun je," in ji Hukam Cand. "'Ya'yanmu ne ke share ta."

Ni ma na sa baki, ba kuma a hankali ba. Na ce masa shi ya ci ya ƙoshi a Shimla, yanzu ya dawo yana so a ajiye masa ciyawa don ya riƙa tuna Inna. Daga ƙarshe Hukam Cand ya ce tun da Sirni ba tamu ba ce, ta Deota ce, a bari ranar biki a tambaye shi. In ya ce a buɗe, Tikam zai rubuta. In ya ce a'a, ba mai sake tayar da maganar. Tikam ya yarda, don ko wanda ya ce kafaɗa ce ba ya ƙin wannan a gaban dattawa.

A nan wata rigimar ta taso. Karagar Deota mutum biyu ke ɗauka a kan dogayen sanduna, kuma daga gidanmu suke fitowa, babba a gaba, ƙarami a baya. Duk shekarun da Tikam ba ya nan ni ke gaba, wani ɗan baffanmu na baya. Yanzu babba ya dawo. In karaga ta sunkuya gaba, Deota ya yarda, in ta ja baya, ya ƙi. Mutane suka fara gunaguni.

"A ba Mai Jarida gaba? Ai mun san amsa tun yanzu."

"Da wannan gwiwar ma? Kada ya zubar mana da Deota a rafi."

Hukam Cand ya ce ba a canja tsari don gunaguni. Ni kaina na je na ce masa ya bar mini, ƙafarsa ba za ta ɗauka ba. Ya ce wurinsa ne, ya gudu daga gare shi shekara talatin, ya isa.

Ranar biki muka tashi ba mu ci komai ba, muka yi wanka da ruwan rafi, muka cire takalmi da ɗamara da duk abin da ke da fata. Aka fito da karaga an lulluɓe ta da jan yadi da rawaya, fuskokin azurfa na walƙiya. Muka sa kafaɗa. Na ɗauke ta fiye da yadda zan iya tunawa, kuma ko me Tikam zai ce, ni na san akwai lokacin da nauyinta ke canjawa ba kai ka canja shi ba. Muka zagaya fili sau uku, ganguna na bugawa, kakaki na tashi yana yankewa. Na baya ba ya ganin komai sai yadi, sai dai ta ƙarƙashin sanda ina hango dugadugan yayana, farare fat irin na mutumin da ya daɗe cikin takalmi.

Aka tsayar da kiɗa. Hukam Cand ya tsaya gaban karaga ya haɗa hannu ya yi tambayar da ƙarfi yadda kowa zai ji: a buɗe Sirni ga baƙi, ko a bar ta yadda take?

Muka tsaya. Karaga ba ta motsa ba. Gumi na bin bayana, sandar na cin kafaɗata, ba ka jin komai sai kukan wata akuya can nesa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Sai na ga ƙafarsa ta hagu ta fara rawa, kaɗan da farko, sannan sosai. Gwiwar ta lanƙwashe. Karaga ta sunkuya gaba har gezar yadin ta taɓa ƙasa, ni kuma sandunan suka ɗaga ni har sai da na tsaya a kan yatsu. Ya yunƙura ya miƙe. Fili ya ɗauki guɗa, masu ganga suka ɗaga sanda, amma Hukam Cand ya ɗaga musu hannu.

Akwai ƙa'ida. In ƙafar mai ɗauka ce ta zame, amsa ta ɓaci, kuma ba a sake yi wa Deota tambaya ɗaya sai bikin baɗi. Na gaba kaɗai ake tambaya, maganarsa kuma ita ce magana. Kafin baɗi hanya ta tafi tsallaken rafi. Kowa a filin nan ya san haka, kowa kuma ya san gwiwar Tikam.

"Tikam Ram," in ji Hukam Cand, "ƙafa ce?"

Kalma ɗaya ce tsakaninsa da abin da ya tsare shekara talatin, kuma ba ƙarya zai yi ba in ya faɗe ta. Na ji numfashinsa ta cikin sandar. Na riga na fara shirya yadda zan gaya wa Nishu ya ci gaba da wanke kwanukansa.

"Ba ƙafa ba ce," ya ce.

Aka saki ganguna. Muka kai karaga har ɗakinta, ya sauke nasa ɓangaren a hankali, sannan ya zauna a kan matakala ya kasa tashi. A bayana na goya shi zuwa gida, ana can ana zuba shinkafa da wake a ganye.

Washegari da hantsi na same shi a bakin ƙofa, Bimla ta ɗaure masa gwiwa da tsumma da man mustad mai ɗumi. Na zauna kusa da shi. Na daɗe ina kame-kame kafin na yi magana.

"Yaya, ni na gani."

"Na san ka gani."

"To me ya sa?"

Ya gyara ƙafar da hannu biyu. "Kai kana baya, yadi kake kallo. Ni mutane nake kallo. Ka ji kakakin jiya?"

"Na ji yana yankewa."

"Tsoho Ses Ram ne ke busawa, numfashinsa ba ya kaiwa. Masu ganga duk furfura. Na duba filin nan gaba ɗaya ina neman wanda zai karɓi sandar nan in na faɗi, ban ga kowa ba sai mata da tsofaffi da jikoki. Bimla tana gabana ta cusa bakin mayafi a baki." Ya shafa gwiwar. "Na yi niyyar in riƙe ta tsaye har su gaji su ce Deota ya ƙi magana. Ƙafar ta ƙi."

"To ai ƙafa ce ke nan."

"Ban sani ba, Dola. Da na sani, yanzu ban sani ba. Na gaji."

Ya rubuta. Mako guda ya yi a kai, kuma waɗanda suka iya karatu sun ce bai taɓa yin kamarsa ba tun zamanin Mandi. Ya sa ɗakin dutsen Inna, ya sa ƙamshin ciyawa bayan ruwa da yadda hazo ke hawowa daga kwari da rana tsaka. Idon ruwan gindin baƙin dutse kaɗai ya bari bai ambata ba. Baƙi suka gano shi tun a bazarar farko.

Hanya ta zo, ta ratsa ƙasan gonata ta ci mini itatuwa, ban yi ƙorafi ba. Nishu ya dawo da mata da jariri, ya mai da saman gidanmu masauki. Samari da dama sun dawo, rumfunan shayi da taliya sun jeru har bakin diyar. Bimla ta yi ƙiba. A bikin bara Nishu ne ya ɗauki baya ni ina gaba, kuma mai busa kakaki yaro ne mai huhu, har kunne ke ciwo. Leda ma ta zo, da robobi, da masu kiɗa a mota. Na hau Sirni da kaka na ga an tattake ciyawar har ƙasa ta fito, na dawo ban gaya wa kowa ba. Ban ce da na sani ba. Ɗana yana cin abinci a gabana kullum, kuma ina jin daɗin haka. Sai dai ba na son wucewa ta gaban yayana in motocin na hawa.

Shi bai sake hawa ba. Da ƙafa ba zai iya ba, Nishu kuma ya yi masa tayin jif ya fi a ƙirga, kullum sai ya ce gobe. Yana zama a bakin ƙofa da bargo a gwiwa, baƙi su tsaya su tambaye shi hanyar Sirni, ya nuna musu da haɓa.

Kwanan baya Nishu ya sauko da murna yana nuna hoto a waya. Kwamitin ƙauye ya kafa allon ƙarfe a Sirni, daidai gindin baƙin dutsen nan, an yi wa idon ruwan dakali da siminti, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan Dandalin Tikam Ram ne.

"Baba babba, dubi. Kowa sai ya tsaya ya yi hoto da sunanka."

Tikam ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Sun rubuta shi daidai?"

"Daidai, ba kuskure."

"To madalla. A Mandi ma sai da na yi shekara ina gyara musu."

Ya miƙa wa Nishu wayar, ya ce ya shiga ɗaki ya ɗauki takalman hawan dutsen nan da ke ƙarƙashin gado, fatar tana da kyau, kada su lalace a banza. Sannan ya ce mini iska ta fara sanyi, in taimaka masa ya tashi. Na sa kafaɗata a ƙarƙashin hannunsa, ta wajen gwiwar hagu, muka shiga ciki a hankali.